Jan Biron Malam Bobboi

A cikin keke-napep Na'imatu ta fara ganinsa, kuma abin da ya fara zuwa ranta game da shi haushi ne.

Ranar kasuwar shanu ce, garin Mubi ya cika ya tumbatsa. Ta taso daga makarantar da take koyar da Turanci a Yelwa, littattafan 'yan ajinta a kan cinya, tana bi da jan biro tana gyara. Sai ga wani dogon saurayi ya faɗo gefenta, garin katako har a girarsa, waya manne a kunne. Ya yi Fulatanci da wani, ya kashe. Ya yi Hausa da wani, ya kashe. Sannan ya kira wani ɗan kudu da ake jiyo ihunsa ta cikin wayar, ya shiga zuba masa wani irin Turanci wanda da mahaifin Na'imatu zai ji, to ranar sai an auna masa jini. Amma kafin su kai shataletale, mai ihun nan ya koma dariya har da godiya.

Ta kasa haƙuri. "Malam, don Allah wannan wane irin Turanci ne?"

Ya juyo ya dube ta, ya dubi jan biron. "Irin wanda yake sa tirela ya tashi a kan lokaci, Malama."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Keken ya faɗa rami, biron ya suɓuce. Ya tsince shi, ya maƙale a bayan kunne kamar yadda ya saba yi da fensirinsa na awo, ya sauka a mahaɗa ya tafi da shi bai ma sani ba.

Washegari tana fitowa daga makaranta ta same shi a bakin ƙofa, ya yi wanka ya sa farar shadda, yana riƙe da jan biro guda biyu.

"Ɗaya naki ne. Ɗayan kuma tara ce na ci kaina."

Jibrilla ke nan. Kafinta ne, amma ba na kujera da gado ba. Shi ke haɗa katakon da ake gittawa a cikin manyan motocin da ke kwasar shanu zuwa kudu, don kada dabba ta danne 'yar'uwarta a hanya. Aji uku na sakandare ya bar makaranta, shekarar da mahaifinsa ya rasu, ya kama guduma. Sauran iliminsa duk a tasha ya same shi.

Wata huɗu bai cika ba wayar Na'imatu ta zama ba ta hutawa.

"Jan Birona, kin karya? Yau na buga ƙusa a yatsuna biyu. Oga ya ce ko aljanu ne. Na ce masa aljana ɗaya ce, tana koyarwa a Yelwa."

Ita kuma ta mayar: "Injiniyan shanu, ka kula min da yatsun nan. Sauran takwas ɗin ma ina da aiki da su."

"Wane aiki, ranki ya daɗe?"

"Za ka ji in lokaci ya yi."

Ta san wane aiki take nufi, kuma duk sanda ta tuna sai gabanta ya faɗi.

Mahaifinta, Malam Bobboi, shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da Turanci kafin ya yi ritaya. Ritayar a takarda ta tsaya, don jan biron bai bar aljihunsa ba. Katin biki in ya shigo gidan, sai ya koma wa mai shi da gyara. Takardar magani ma ba ta tsira ba. Kuma yana da wata doka da duk unguwa ta sani: duk mai son 'yarsa, kafin ya turo manyansa, sai ya rubuto wasiƙa shafi guda da Turanci ya faɗi dalilinsa. Dangi sun yi surutu har sun gaji, sun ce a ina aka taɓa neman aure da jarrabawa. Malam ko a jikinsa. Mahmoud, mijin babbar 'yarsa Habibat, sai da wasiƙarsa ta koma sau uku, ta yi jajir kamar an yanka kaza a kai, kafin aka ba shi mata.

Ga kuma Mu'awiya. Ɗan aminin Malam ne, ma'aikacin banki, mai digiri biyu da mota mai sanyi. Shi ma ya nuna yana ciki, kuma Malam na jin daɗin hira da shi don ba ya haɗa jimla biyu bai jefa Turanci ba. Na'imatu ba ta ƙi shi don wani aibu ba. Kawai dai in yana magana ji take kamar ana karanta mata sanarwa.

Ranar da ta faɗa wa Jibrilla batun wasiƙa suna zaune a dakalin ƙofar gida bayan la'asar, tana ɓare dafaffiyar gyaɗar da ya kawo mata. Ta ga fara'ar nan tasa ta ɗauke ɗif.

"Shafi guda? Da hannuna?"

"Da hannunka."

"Na'ima, a ce min in haɗa tirela uku kafin magariba, zan haɗa. Amma wannan..." Ya murza tafin hannunsa. "Ke ba za ki ɗan duba min ba?"

"Baba ne ya koya min rubutu. Ko waƙafi na saka sai ya gane nawa ne. Ka rubuta yadda ka iya, Hamma. Ni ban ce ina son ƙamus ba." Hamma take kiransa, wato yaya da Fulatanci.

Ya ce to. Amma ta ga tsoro a idonsa, irin wanda ba ta taɓa gani ba, kuma ta yi kuskuren ɗauka zai wuce.

Asabar biyu bayan haka Malam Bobboi ya aika a kira samarin duka biyu, lokaci guda. Wannan kaɗai ya isa ya tayar da hankali. Na'imatu da mahaifiyarta, Dada Yagana, suka laɓe a bayan labulen tagar da ke kallon baranda, Dada na tsintar shinkafar da ta riga ta tsince tun safe.

Malam na kan kujerarsa ta katako, tabarau a karan hanci, takardu biyu a cinya, duka bugun kwamfuta, fes da su. Ya miƙa wa kowa tasa.

"Mu'awiya, karanta min layin farko."

Mu'awiya ya gyara murya. "It is with profound humility that I take up my pen."

"Madalla. Jibrilla, naka."

Jibrilla ya dubi takardarsa, ya dubi Mu'awiya, gumi ya karyo masa. Da ƙyar muryarsa ta fito, yana tuntuɓe a kan kalmomin. Layin dai shi ne, ba ragi ba ƙari.

Shinkafar Dada ta tsaya a hannunta. Na'imatu ta runtse ido.

"Ku ci gaba mana," in ji Malam. "Ko ku haɗa baki ku karanta tare, tunda har ƙasa iri ɗaya ce. Suna kawai aka canza." Ya cire tabarau. "Kun san abin da ya fi ba ni mamaki? Na san Turancin nan. Nawa ne. Shekara takwas da suka wuce ni na rubuta shi da jan biro a saman shirmen Mahmoud. Ya kai shagon Japhet mai buga takardu aka buga masa a tsabtace. Ashe Japhet bai goge ba. Ya ajiye yana jiran 'ya'yana mata su girma."

Mu'awiya ya yi 'yar dariya. "Baba, ai aiki ne ya yi min yawa, shi ya sa. Kuma dai ka duba, babu kuskure ko ɗaya a ciki."

"Babu. Daidai take tun daga sama har ƙasa. Amma ba valid ba ce."

"To ai duk ɗaya ne, Baba."

"Kai da digiri biyu kake faɗin haka?" Malam ya girgiza kai. "A ce da safe ka ɗauki lasisin tuƙin babanka ka nuna a shingen hanya. Ba kuskuren rubutu a jikinsa, hatiminsa na gaskiya ne. Za a bar ka ka wuce? Bature in ya ce abu valid ne, ba kyansa yake yabo ba. Cewa yake abin yana da ƙafar tsayawa, in an jingina da shi ba zai zube ba, kuma mai shi na nan a bayansa zai amsa in an kira. Na kira mai wannan wasiƙa, sai na ga ni ne. Ni kuwa ba zan auri 'yata ba."

Mu'awiya ya tashi yana kaɗa makullin mota, yana cewa shi bai ɗauka abin da gaske ba ne har haka. Daga ranar ba a sake ganin motarsa a layin ba.

Jibrilla bai motsa ba. Kansa a ƙasa ya ce, "Na yi laifi, Baba. Tsoro na ji."

"Da ka kawo min kuskure ɗari da na gyara maka, aikina ke nan. Amma wanda ya ari bakin wani ya nemi aure, ran da zama ya yi tsami bakin wa zai ara? Tashi ka je. Jarrabawata ba a maimaita wa wanda ya yi satar amsa."

Na'imatu ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Kunyar ba ta dame ta kamar wani tunani da ya tsaya mata a wuya ba. Ta buɗe wayarta tana bin saƙonninsa ɗaya bayan ɗaya, na wata huɗu, waɗanda ta haddace kamar karatu. Ta rubuta masa:

"Ka faɗa min gaskiya. Aljanar Yelwa ma a shagon Japhet ka saye ta?"

Amsa ta shigo nan take.

"Wallahi a'a. Japhet bai san kina cire jan ɓawon gyaɗa kafin ki ci ba. Bai san in za ki yi dariya sai kin fara ɗaure fuska ba. Na ji kunyar Turancina a gaban Baba, ban taɓa jin kunyar zuciyata a gabanki ba. Ki yafe min, Jan Birona."

Ta karanta ya fi sau goma, ta yi kuka, amma ba ta amsa ba. Ta yarda da shi, haushin ne bai sauka ba. Ita da ta so shi a kan Turancin tasha, shi ne zai je ya ɓoye shi kamar abin sata?

Kwana tara ba ta ɗauki wayarsa ba. A rana ta goma ta fito daga makaranta ta gan shi a inda ya taɓa tsayawa da biro biyu. Wannan karon ba farar shadda, kayan aiki ne a jikinsa, ya rame har wuyansa ya fito. Ya miƙo mata takarda da aka yago daga littafinsa na awo, a bayanta ma akwai zanen katako da lambobi.

"Sau goma sha ɗaya na sake. Wannan ce ta fi dama. Ban nuna wa kowa ba. In Baba ya ƙi karɓa, ke ki riƙe."

Ta buɗe a tsaye. Rubutun ya karkace kamar zai gangara daga shafin. Tun a layin farko hannunta ya tafi jaka neman jan biro, don sabo. Kafin ta kai layi na biyar ta manta da jakar gaba ɗaya.

"Hamma," ta ce, "ka ci abinci kuwa yau?"

Ya yi murmushin da ta yi kwana tara tana kewa. "Yanzu dai zan iya."

Malam Bobboi ko kallon takardar bai yi ba. Yana baranda yana gyara wa wata jarida Turancinta, ya ce ya riga ya gama magana. Na'imatu ta durƙusa a gabansa tana roƙo, hawaye na zuba, ya ɗauke kai. Mutum ne mai tausayi, amma in ya furta doka jinta yake kamar da hatimi ta fito.

Sai Dada Yagana ta fito daga kicin tana goge hannu da gefen zane. Shekara talatin da shida tana zaune da dokokin Malam, ba ta taɓa sa baki a batun wasiƙa ba.

"Malam, ɗauko min babban ƙamus ɗinka."

"Me za ki yi da ƙamus?"

"Ajiyata ke ciki."

Na'imatu ba ta taɓa ganin mahaifinta ya daburce ba sai ranar. Ya ce ana maganar yara ne yanzu. Dada ba ta jira shi ba, ta shiga da kanta ta rungumo ƙamus ɗin, ta girgiza shi. Wata 'yar takarda da ta yi ruwan ƙasa don tsufa ta faɗo.

"Karanta, Na'ima. Da ƙarfi."

Layi uku ne, da fensir, harufan manya-manya irin na 'yan firamare. "Teacher Bobboi. My father say Maiha is far. I say is not far. You come. I no go another house. Yagana."

"Aji huɗu na yi," in ji Dada. "An tura shi koyarwa Maiha, babana ya ce ba zai ba mai nisa ba, shi kuma ya yi zuciya ya daina zuwa. Na ce wannan mutumin ba ya jin magana sai da Turanci, to bari in yi masa. Na ce masa Maiha ba nisa, ya zo, ni ba zan je gidan kowa ba. Kwana biyu sai ga shi a kan keke, ƙafa duk taɓo." Ta juya ga mijinta. "Malam, takardar asibiti ka gyara, katin suna ka gyara, har allon masallaci ka sa an sake. Wannan ina jan biron?"

Malam ya yi ta goge tabarau ɗin da ba abin da ya same shi. "Wannan daban ce."

"Da me?"

Ya mayar da tabarau ɗin idonsa. Sannan a hankali ya ce, "Na san wadda ta rubuta tana bayan kowace kalma."

"To. Mu nan Hausar ma da muke yi in Bakano ya ji dariya yake, wai mun mayar da mace namiji. Amma da ita muka yi ciniki, muka yi aure, muka binne iyayenmu. Yaron nan ya yi wauta, ya kuma dawo da ƙafarsa. Karɓi takardarsa."

Ya miƙa hannu ya karɓa. Yana karantawa girarsa na tsalle a kan kowane layi, kamar mai taka ƙaya. Dada ta ce ita Turancinta ya tsufa, a fassara mata. Na'imatu ta share ido ta karɓa, ta mayar da ita Hausa:

"Baba, ni ne Jibrilla da kaina. Waccan ba ni ba ne, na yi ƙarya da ita, ina neman gafara. Turancina a tasha na koya, ba shi da kyau amma ba ya yaudara. Aikina in haɗa katako shanu su yi kwana biyu a hanya ba wadda ta faɗi. In na ce wa direba katakon nan zai ɗauka, to zai ɗauka, don na san sunana ne a kai. Haka nake ce maka zan ɗauki Na'imatu. Ba zan hana ta koyarwa ba. In ta gyara min magana ba zan yi fushi ba, ta riga ta fara. Ba ni da uba, in ka yarda ka zama nawa, har da jan biron."

Dada ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Malam ya yi gyaran murya sau biyu, sannan ya ce a kira masa yaron gobe bayan la'asar.

Washegari Jibrilla ya durƙusa a barandar nan da ya sha kunya. Malam ya sa shi ya karanta da bakinsa. Ya karanta tiryan-tiryan, ba tuntuɓe ko ɗaya, don wannan karon ya san hanyar. Malam ya tsayar da shi a wuri uku yana tambayar me yake nufi, yana amsawa kai tsaye, ido cikin ido.

Sai Malam ya zaro jan biro daga aljihu. A bayan labule Na'imatu ta damƙe hannun Dada. Biron ya yi shawagi a saman layin farko, ya sauko na biyu, ya bi shafin har ƙasa bai taɓa ko'ina ba. A can ƙarshe, ƙarƙashin sunan Jibrilla, ya rubuta kalma ɗaya ya ja mata layi, ya sa hannu da kwanan wata.

Valid.

"Kuskure goma sha bakwai ne a ciki," ya ce yana miƙa masa. "Na ƙirga, kada ka ɗauka ban gani ba. Ka ce wa baffanninka ina jiransu ranar Juma'a."

Jibrilla ya kifa goshinsa a gwiwar tsohon, kafaɗunsa na rawa. Malam ya ɗora masa hannu a ka, yana kallon wani wuri daban don kada a ga idonsa.

Kafin ya kai bakin titi saƙo ya riske shi.

"Injiniyana, yatsun sun yi aikinsu. Yanzu saura zobe."

"Ranki ya daɗe, ko tirela kika ce in saka miki a yatsa zan gwada."

Bayan sallar layya aka ɗaura aure. Direbobin tasha suka cika layin da hon, Fulanin kasuwar shanu suka zo da bajimi, abokan aikin amarya suka yi anko shuɗi. Japhet ne ya buga katin, kyauta, don wanke laifi, kuma sai da Malam ya mayar masa da shi sau uku.

A ɗakin amarya, sama da madubi, akwai firam na maɗaci da ango ya fere da hannunsa. Takardu biyu ne a ciki gefe da gefe, ɗaya da fensir ta tsufa, ɗaya an yago ta daga littafin awo. Dada ce ta ba da tata, ta ce ta gaji da zaman ƙamus.

Da za a tafi da amarya, Malam Bobboi ya riƙe hannun 'yarsa ya sa a na mijinta. Jama'a suka yi tsit, kowa na jiran dogon jawabi da Turanci. Sai tsohon ya buɗe baki, ya yi da Hausar Mubi tsagwaronta:

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya sa kowa ya tsaya a bayan maganarsa."

Gidan ya ɗauka da amin, kuma ta Dada Yagana ta fi ta kowa ƙarfi.